Ya Goge Sunana Ranar da Aka Kawo Goro

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto sau huɗu tana tambaya ko shirin biki ne ya ɓoye ni. Ba biki ba ne. Kwana biyar ke nan ina buɗe wayar nan in rufe, na rasa ta inda zan kama zancen. Ku da kuka riƙa rubuta "Allah ya ba mu irin Mujaheed" a ƙarƙashin duk abin da na saka, ku ɗan dakata da wannan addu'ar tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Husainatu Ma'azu, 'yar Wurno, shekarata ashirin da shida. Aikina zanen fuskar manhajar waya, wato duk abin da idonka ke gani in ka buɗe manhaja: kala, girman rubutu, inda za ka danna. A Sakkwato na koya, wata tara ina zuwa ina dawowa. Baba, tsohon malamin firamare ne, shi ke kai ni tasha a bayan mashin ɗinsa kullum kafin ya wuce fadamar tafarnuwarsa, jakar laftof ɗina rataye a wuyansa don kada ta faɗi.

Mujaheed kuma shi ne wanda zan aura. Ko wanda da zan aura. Wallahi ban san wanne zan rubuta ba.

Ɗan Goronyo ne. Shi ya kawo tunanin manhajar da muka sa wa suna Ranar Ruwa, wadda za ta riƙa sanar da manoman rani na ƙasan madatsar ruwa ranar da ruwa zai iso magudanarsu, ta kuma gargaɗe su in ambaliya na tafe. Mu uku ne a aikin. Shi ke yawo yana magana da manoma da ƙungiyoyi, ni ke zane, ƙawata Zipporah kuma, 'yar Malam Simeon da ke koyarwa a Rabah, ita ke mayar da zanena manhaja mai aiki.

Dole in yi muku ɗan bayani a kan aikina, in ba haka ba ba za ku gane inda aka soke ni ba.

Manhajarmu shafi sittin da uku ce. Da a ce da hannu nake shafa wa kowane madanni kore, ranar da aka ce a sauya koren sai na bi shafi sittin da uku ɗaya bayan ɗaya. Don haka ba a yin haka. Wuri ɗaya kake ajiye kalar, ka ba ta suna, kowane shafi kuma daga nan yake ɗauka. Mu masu aikin tokin muke ce musu. Ka taɓa shi a wuri guda, ko'ina ya sauya. Wata uku na yi ina gina namu, kuma da Hausa na raɗa musu suna: ganyen-albasa, ruwan-rima, jan-gargaɗi, tazara-ƙarama, tazara-babba. Har rubutun ma haka na yi masa, kowace jimla na ajiye ta da boko da ajami da Turanci, manomi ya zaɓi wanda idonsa ya saba da shi.

Ranar da muka kai wa manoma gwaji a Goronyo ba zan manta da ita ba. Rana ta take, muna ƙarƙashin dogonyaro a bakin magudana. Wani dattijo, Malam Abdulmutalib, ya karɓi wayar ya kare ta da hularsa, ya juya ta dama ya juya hagu.

"Ɗiyata, wagga kala ba ta ganuwa ga rana. Mu kuwa cikin rana muka wuni."

Na ɗora laftof a cinyata, na buɗe ganyen-albasa, na ƙara masa duhu. Shi ke nan. Na ce, "Baba, sake dubawa." Ya duba shafi ɗaya, ya wuce na biyu, ya wuce na goma, duk sun yi duhu tare. Ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ikon Allah! Duka ɗaya kinka yi, garke duk ya juya!"

Da na ɗaga kai, Mujaheed ne tsaye yana kallona, irin kallon da ke sa mace ta gyara mayafinta ba ta san ta yi ba. A hanyar komawa ya ce, "Husna, ni hwa na gama shawara. Zan turo manyana." A ranar kuma ya roƙe ni in nuna masa yadda ake taɓa tokin, wai yana so ya san abin da matarsa ke yi. Na zaunar da shi, na nuna masa, har ina yi masa dariya da ya kasa gano wurin. Da hannuna na koya masa. Ku riƙe wannan.

Akwai tokin ɗaya da na yi wanda ba kala ba ne, rubutu ne. Sunansa mai-zane. A ƙasan kowane shafi yana fitar da layi ɗan ƙarami: Zane: Husainatu Ma'azu. Ba wanda zai lura da shi sai wanda ya nema. Amma ni duk lokacin da na gan shi sai in tuna Baba da jakar nan a wuyansa.

Da damina muka shigar da Ranar Ruwa gasar wata ƙungiya mai tallafa wa matasa masu fasahar noma. Mujaheed ne shugaban tawaga, don haka duk saƙo shi ake turo wa. In na tambaya sai ya ce, "Shiru har yanzu, mu dai ci gaba da addu'a."

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba. Kun san Inna. Tun da na haura ashirin da huɗu ba ta ƙara barci mai daɗi ba. Manema biyu sun zo sun tafi lokacin da nake zaryar Sakkwato, kuma ƙanwar Baba, Goggo Sabuwa, ba ta taɓa shigowa gidanmu ta fita ba tare da ta ce, "Har yanzu dai kwamfutar ce mijin?" Inna sai ta yi murmushi a gabanta, in ta tafi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Da Mujaheed ya bayyana, Inna ta riƙe shi hannu biyu. In ya zo gaishe ta, ita da kanta ke dama masa fura, ta zuba nono mai kauri, abin da ko yayyena maza ba ta yi musu.

Ranar Juma'ar makon jiya aka kawo goro. Tun asuba gidan ke ƙamshin turaren wuta da masa. An share tsakar gida sau biyu, an shimfiɗa sabuwar darduma a zaure. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara, lallen da aka yi min ranar Laraba ya kama ya yi jawur. Ina zaune bakin gado, ƙarfe goma da minti hamsin da biyar na safe, saƙonsa ya shigo:

"Amaryata, yau ce ranarmu. Duk abin da nake yi a duniyar nan don ke nake yi."

Na karanta ya fi sau ashirin. Na rungume wayar kamar wata sakarya. Bayan la'asar baffanninsa suka zo da goro da alawa da akwati ɗaya, aka yi addu'a, aka tsayar da biki wata biyu masu zuwa. Inna ta yi ta kuka tana dariya. Goggo Sabuwa ta rangaɗa guɗa har sau uku.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗen gari, wayata ta yi ƙara. Saƙon Zipporah ne.

"Ƙawata, kin buɗe fayil ɗinmu kwanan nan?"

"A'a, kin san hidima. Mi ya faru?"

"Na sauko da tokin yau da safe zan saka a manhaja. Duk suna nan yadda kika bar su, sai guda ɗaya."

"Wanne?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga hoto. Mai-zane: Mujaheed Yazid.

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Na rubuta, "Wasa yake, zan gyara." Na kakkaɓe hannuna na buɗe laftof. Fayil ɗin ya buɗe, amma duk inda na danna ba ya motsi. A sama an rubuta min cewa kallo kawai aka yarda in yi. Aikin da na yi wata bakwai a kansa, an mayar da ni 'yar kallo. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk da na san babu amfani, ni na gina abin, na san yadda yake. Shafi na ɗaya, sunansa. Na ashirin, sunansa. Na sittin da uku, sunansa.

Zipporah ta kira.

"Husainatu, zauna in ba ki zaune ba. Mun ci gasar. Tun mako uku da suka wuce. Yau wata Madam Winnie daga ƙungiyar ta turo saƙo ta haɗa da ni, tana neman a tabbatar da sunan mai zane, don shi za su ɗauka horo na wata shida a Abuja. Ni ma yau na sani, na rantse miki da Allah."

Manhajar zanen tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa, da wanda ya taɓa, da lokaci. Zipporah ta turo min hoton wannan ma. Mujaheed, ranar Juma'a, ƙarfe goma da minti hamsin da biyu na safe.

Na koma kan saƙonsa na duba lokaci. Hamsin da biyar. Minti uku. Ya goge sunana, ya ajiye laftof, ya ɗauki waya ya kira ni amaryarsa.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na zura hijabina ruwan toka a kan kayan aikin gida, gari a gefen hannuna, na ce wa Inna zan je in dawo. Na hau kabu-kabu zuwa Marnona, daga nan na shiga motar Goronyo. Matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni labarin tsadar taki, ina gyaɗa kai, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ofishinsa shago ne guda kusa da kasuwa, tebur ɗaya da kujeru uku da fanka. Na same shi cikin farar shadda, hula zanna a karkace, yana cin gyaɗa. Da ya gan ni ya miƙe da fara'a.

"Amarya da kanta? Ba sanarwa?"

Na ajiye wayata a kan tebur, hoton a buɗe. Ya kalla. Fara'ar ta tafi a hankali, amma bai firgita ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Ya ja kujera.

"Zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ka yi wannan?"

"Ni na yi."

"Don mi?"

"Husna, ki yi tunani. Biki saura wata biyu. Wata shida a Abuja, ke kaɗai, amarya? Mi mutane za su ce? In mun ce ba mai zuwa, gurbin ya tahi ga wasu. In ni na je, abin yana cikin gida. Ni da ke ai ɗaya ne."

"In ɗaya ne, mi ya sa sunanka ya zauna nawa ya tashi?"

"Suna ne kawai a ƙasan shahi."

"To in suna ne kawai, mayar da shi. Ga laftof nan, ka san wurin, ni na nuna maka."

Ya ci gaba da murza ɓawon gyaɗa.

"Mako uku, Mujaheed. Kullum ina tambayarka kana cewa mu yi addu'a. Na tashi na yi ta roƙon Allah a kan abin da ya riga ya ba ni, kai kana riƙe da shi a aljihu. In sun zaunar da kai sun ce ka yi bayanin yadda aka gina tokin ɗin, mi za ka ce?"

"Za ki koya min kahin lokacin."

'Yan uwa, kun ji? Har ya tsara cewa ni zan shirya shi.

Na ɗauki wayata. Ina kaiwa ƙofa ya ce, da wata murya mai sanyi, "Kada ki ɗora min laihin ni kaɗai. Ba da kaina na yanke ba. Ki koma ki tambayi gidanku."

Gidanmu? Wa ke yanke magana a gidanmu in ba Baba ba? Tun daga Goronyo har Marnona kuka nake cikin hijabi. Na Mujaheed ban yi wa hawaye ba, amma Baba? Mutumin da ya tsaya a gaban 'yan uwansa ya ce ɗiyarsa za ta yi karatun kwamfuta ko duk Wurno za ta yi magana?

Na iso gida bayan la'asar. Yana zaune a tsakar gida kan tabarma, yana ware tafarnuwar iri, tabarau a kan hanci. Inna tana bakin murhu. Na durƙusa a gabansa, ban ko gaishe shi da kyau ba.

"Baba, in ba ka son in tahi Abuja, ai da ni za ka gaya wa. Wallahi da na haƙura. Mi ya sa sai an goge sunana?"

Ya cire tabarau.

"Wane suna anka goge?"

Na ba shi wayar. Na yi masa bayani ina shessheƙa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali:

"Husainatu, yaron ga ya zo nan da zancen Abuja, gaskiya ne. Nic ce mashi alhamdu lillahi, a ɗaga biki har ki dawo, wata shida ba shekara shida ba ne. Bayan kwana biyu yad dawo yac ce ke kinka ce ba ki son zuwa, kin bar mashi, kuma kina jin kunyar in tayar miki da zancen. Na ji zahi ƙwarai, amma nic ce tunda ra'ayinki ne, shi ke nan."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe mako uku Baba yana kallona yana zaton na watsar da wahalarsa saboda ɗokin aure, bai ce min komai ba.

Ya miƙe. Ya ɗaga murya:

"A hiddo min akwatin nan da goron da ya rage. Wanda ya yi mani ƙarya a zaurena, ya yi wa ɗiyata sata, ba ni ba shi aure."

Sai muka ji ludayi ya faɗi.

"Malam, dakata."

Inna ce. Ta taso daga bakin murhu tana goge hannu da gefen zani, idonta a ƙasa.

"Ni nic ce mashi ya yi hakanan."

Ba wanda ya yi motsi. Tukunya na tafasa, ba mai kula ta.

"Da kac ce a ɗaga biki, na bi shi har ƙohwar gida. Nic ce, ɗana, in tat tahi Abuja ba ta dawowa ta aure ka, kuma ni ba ni iya ganin na uku ya tahi. Yac ce sunanta na kan aikin, ba yadda za a yi. Nic ce to a cire mana. Yac ce abu ne mai sauƙi, wuri guda za ya taɓa." Ta ɗago ta kalle ni, hawaye na zuba. "Don ke na yi, Husainatu. Ba ki san abin da nike ji a gidan suna da gidan biki ba. Ke kina kallon kwamfuta, ni ke kallon mutane."

Na so in yi ihu, na so in rungume ta, duk a lokaci guda. Wannan matar ce ta sayar da tunkiyarta ta saya min jakar laftof. Ita ce kuma ta tsaya a ƙofar gida ta ce a cire sunana, ta dawo ta zuba min tuwo, ta zauna tana zaɓa min kalar atamfar da zan sa ranar Juma'a.

Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Inna, da kin tambaye ni."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi. Amma da kin tambaye ni."

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke za ki zauna da shi, ba ni ba, ba uwarki ba. Kayan ga, a mayar ko a bari?"

Inna ta kama hannuna ta riƙe gam, yatsunta da ɗumin murhu. Kai kawai take girgizawa. Na kalli lallen da ke hannuna, ko rabin gogewa bai yi ba. Na tuna yadda ya ce "za ki koya min" ba tare da ko ƙifta ido ba.

Na ce, "A mayar, Baba."

Inna ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta. Ta shiga ɗakinta ta ja labule.

Yau Lahadi. Akwatin yana zaure, Baba ya ce sai yayansa ya dawo daga kasuwar Gandi su kai tare, don ba a mayar da kaya da mutum ɗaya. Zipporah ta tattara hotunan tarihin fayil ɗin duka, ta ce kalma ɗaya take jira daga gare ni ta tura wa Madam Winnie, kuma gobe Litinin ake rufe karɓar suna. Ban ce mata tura ba, ban ce bari ba. In an tura, an kori Ranar Ruwa gaba ɗaya wataƙila, manoman da suka gwada suna jira. In ba a tura ba, ya tafi Abuja da aikina.

Inna kuwa tun ranar Talata ba ta kira sunana ba. Takan ajiye min kwanon abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta wuce. Jiya na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Ina cikin rubuta muku wannan layin na ji mota ta tsaya a waje. Baba ya tafi masallaci, bai dawo ba. An yi sallama a zaure, kuma ko cikin mutum dubu na san wannan muryar. Na miƙe zan rufe ƙofata, sai na ga Inna ta fito da sauri tana gyara ɗankwali, fuskarta a sake karon farko cikin kwana biyar. Ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba, ta ɗaga labulen zaure da hannunta.

"Shigo, ɗana," in ji ta. "Shigo daga ciki. Tana nan."